DUTSE YANA NAN, INA MASU SUJADA?

Kowace shekara in kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, aka kawo baikon godiya gaban ikilisiya, sai wata tsohuwar gardama ta tashi a ƙauyukanmu na Adar. Waɗansu su ce, "Ɗakin sujadarmu na laka ne, gara ta cinye azara, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai kayar da shi. Mu sayar da hatsin nan mu sayi siminti da kwano." Waɗansu kuwa su ce, "Mai bisharar da ke zaune tare da mu, rumbunsa ba ya kai shi bazara. Yaranmu ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki ba. Mu fara da wannan tukuna."

Dukansu masu bi ne, dukansu suna ƙaunar Ubangiji. Amma hatsin ba ya isa a yi duka biyu cikin shekara ɗaya. Wannan magana takan sa wa da ƙane su fita sujada ba su gaisa ba.

Ga tambayar da ke kwance ƙarƙashin gardamar: mene ne ikilisiya za ta bar wa jikokinta wanda zai dawwama? Domin mu auna wannan, bari mu bi kwari biyu da ƙafa. Ɗaya namu ne, mun san shi. Ɗayan yana nesa ƙwarai, amma sunansa yana cikin Littafin da ke hannunmu.

KWARIN DA MUKA SANI

Wanda ya taɓa yin sammako da sanyi ya bi kwarin Majiya, ko kwarin Badagishiri a nan ƙasar Illela, ya san irin shirun wurin. Hanya takan sauko daga fako, inda ba kome sai baƙar tsakuwa da sabara. Ta ratsa tsakanin manyan duwatsun da suka ɓallo daga bakin tudu, ta kai ka ƙasa inda gawo ya yi ganye shar a tsakiyar rani. In ka tsaya ka waiwaya, sai ka ga tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa, jikinsu hawa hawa, wani ja, wani fari, wani rawaya. Ruwa da iska sun cinye gindin waɗansu, sun bar rumfa da kogo inda makiyayi yake fakewa da awakinsa in hadari ya taso. Ba ka jin kome sai kukan kurciya da takun ƙafarka.

Da damana ruwan Majiya yakan wuce ta wajen Galmi da Tsarnawa da Birnin Ƙonni, ya shiga Nijeriya, ya zuba a tafkin Kalmalo. Da rani sai yashi. Ruwan yana zuwa yana tafiya, hatsi yana tsiro ana girbe shi, mutane ana haihuwarsu ana binne su, duwatsun kuwa suna nan inda kakan kakanka ya bar su. Shi ya sa zuciyar mutum take jingina ga dutse. Mu masu wucewa ne, muna son abin da ba ya wucewa.

Kakanninmu sun nemi abubuwa da yawa wurin duwatsun nan. A zamanin hari sun kafa garuruwa a jikinsu, domin su hango mahara tun daga nesa. Azna sun yi yanka a gindinsu, suna neman ruwa da lafiya. A zamaninmu kuma, tun shekara ta 1966 ma'aikatar Malbaza take haƙa farin dutse tana ƙona shi yana zama siminti. Ashe buhun simintin Malbaza da muke gardama a kansa, dutsen ƙasarmu ne aka niƙa.

Amma tarihin ƙasarmu ya koya mana cewa gini yana da iyaka. Birnin Ƙonni yana da ganuwa. A shekara ta 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanwan ta zo, ganuwar ba ta hana su shiga ba. Suka karkashe mutane, suka ƙone garin. Waɗanda suka tsira su ne suka komo suka sāke tā da Ƙonni. Garin ya rayu domin mutanensa sun ragu.

KWARIN DA KE NESA

A tsakiyar ƙasar Turkiyya akwai wani yanki da ake kira Kafadokiya. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 2, za ka iske mutanen Kafadokiya cikin taron da ya ji wa'azin Bitrus a Urushalima ranar Fentikos. Buɗe wasiƙar Bitrus ta fari, za ka ga masu bi na Kafadokiya suna cikin waɗanda ya rubuta wa. Tun zamanin manzanni bishara ta kai can.

Dutsen wurin dabam yake da namu. Toka ce ta duwatsu masu aman wuta, ta taru ta daskare. Yana da taushi har mutum ya iya sassaƙa shi da diga. Ruwa da iska sun daɗe suna aiki a kansa, har ya zama kamar dogayen rumbuna masu tsini, ɗari bisa ɗari, waɗansu da baƙin dutse a kā kamar an ɗora musu malafa.

Akwai wani kwari a can mai suna Ihlara, tsawonsa wajen kilomita 14. Ƙaramin kogi yana gudana a tsakiyarsa, itatuwa suna bin bakinsa, dutse kuwa ya miƙe dama da hagu kamar bango, a waɗansu wurare tsayinsa ya kai mita 100. Mai tafiya yana cikin inuwa, yana jin ƙarar ruwa, sai ya ɗaga kai ya ga ƙananan ƙofofi a jikin dutsen. In ya hau ya leƙa, sai ya tarar da ɗakin sujada. Ga ginshiƙai, ga bagadi, ga wurin zama, ga rufi mai lanƙwasa. Ba tubali ko ɗaya, ba azara, ba ƙusa. Dutse guda ne aka fafe kamar ƙwarya. A bangon an zāna haihuwar Yesu, da baftismarsa, da gicciye, da tashinsa daga matattu, domin wanda bai iya karatu ba ya gani da idonsa. Irin waɗannan ɗakunan sujada suna da yawa ƙwarai a Ihlara da Goreme da sauran kwaruruwan ƙasar. Yawancin masu zāne an yi su tsakanin shekara ta 800 da ta 1200 bayan haihuwar Almasihu. A Goreme har dogon teburin cin abinci da kujerunsa daga dutsen aka sassaƙa su.

A wani gari mai suna Derinkuyu, cikin shekara ta 1963, wani mutum yana gyaran gidansa ya fasa bango, sai ya ga hanya ta nufi ƙasa. Aka bi ta, aka iske gari sukutum a ƙarƙashin ƙasa, hawa bisa hawa. Akwai rijiyoyi, da kafofin shan iska, da turken dabbobi, da ma'ajin abinci, da ɗakin sujada. Ƙofofinsa manyan duwatsu ne masu kama da faifai, ana mirgina su daga ciki a toshe hanya. Shekaru da yawa ƙasar tana bakin iyaka tsakanin rundunonin Rumawa da na Larabawa. In yaƙi ya taso, sai mutane su kwashe 'ya'yansu da bisashensu su shige ƙasa har ƙura ta lafa.

ƁUYA BA TSORO BA CE

Kada wani ya raina mutanen nan, ya ce da suna da bangaskiya da ba su ɓuya ba. Dawuda ya ɓuya a kogon Adullam sa'ad da Saul yake neman ransa. Obadiya ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo biyu a zamanin Yezebel, yana kai musu abinci da ruwa, Littafi kuwa ya shaide shi mai tsoron Allah ne. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta lasafta mazauna koguna da ramummuka cikin jarumawan bangaskiya. Uban da ya ɓoye iyalinsa ranar masifa ya yi abin da ya wajaba a kansa.

Amma ka lura da labarin Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu ya shiga kogo a dutsen Horeb, ransa a ɓace, yana ganin shi kaɗai ya ragu. Allah ya ciyar da shi a hanya, ya yi masa magana a hankali a bakin kogon. Sa'an nan ya komar da shi cikin mutane, ya ba shi aiki. Cikin aikin nan har da keɓe wani saurayi manomi, Elisha, ya zama magajinsa. Kogo ya tsare ran Iliya na 'yan kwanaki. Elisha ne ya ci gaba da aikinsa bayan tafiyarsa.

WA KE CIKI YAU?

Ɗakunan sujadar Kafadokiya suna nan. Shekara dubu ta wuce, waɗansu zānensu kamar jiya aka shafa. A shekara ta 1985 hukumar UNESCO ta sa Goreme da kewayenta cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi suna zuwa daga ko'ina, suna sayen takardar shiga, suna ɗaukar hoto. Amma babu ikilisiyar da take taruwa a ciki kowace Lahadi. Ba a jin muryar yara suna haddace aya, ba tsohuwar da take tā da waƙa.

Waɗansu ɗakunan tun da daɗewa aka bar su. Manoma suka toshe ƙofofin, suka mai da su ɗakin tantabaru domin su sami taki. Kiristan da suka ragu a ƙasar kuwa, ƙarshen zamansu ya zo bayan yarjejeniyar da Turkiyya da Girka suka ƙulla a birnin Lozan a shekara ta 1923. Aka yi musayar jama'a. Kirista fiye da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi dubbai ɗaruruwa suka bar Girka, kowa yana kuka domin ƙasar haihuwarsa. Cikin 1924 Kiristan Kafadokiya suka ɗaure kayansu suka tafi.

To, me suka iya ɗauka? Ba mai ɗaukar dutse a kā. Ɗakin da ya fi kowane ɗaki ƙarfi, shi ne wanda ba ya ɗaukuwa. Suka ɗauki littattafansu, da kayan sujadarsu, da waƙoƙin da ke bakinsu, da addu'o'in da iyayensu suka koya musu. Mutanen wani gari mai suna Gelberi, kusa da Ihlara, suka sauka a arewacin Girka, suka kafa sabon gari mai suna Neya Karbali, suka ci gaba da sujada. Ikilisiyar ta ƙetare teku da ƙafafun mutanenta.

Ubangijinmu ya riga ya faɗakar da mu a kan wannan. Cikin Markus sura 13, ɗaya daga cikin almajiransa ya nuna masa manyan duwatsun Haikali yana mamaki. Yesu ya gaya masa cewa ginin duka zai rushe. A shekara ta 70 Romawa suka rushe shi. Bitrus yana nan ranar da aka yi wannan magana. Sa'ad da ya rubuta wa masu bi na Kafadokiya da maƙwabtansu, sai ya ce musu su kansu ne duwatsun, masu rai, waɗanda Allah yake jerawa bisa Almasihu su zama gidansa. Karanta 1 Bitrus sura 2. Abin mamaki ne, mutanen ƙasar dutse aka fara gaya wa haka.

WATA TSOHUWA MAI SUNA MAKARINA

Tun ba a sassaƙa ɗakunan nan masu zāne ba, da shekaru ɗaruruwa, an yi wata mace mai suna Makarina a ƙasar Fontus, arewa da Kafadokiya. Bayan shekara ta 300 sarakunan Roma suka tsananta wa masu bi ƙwarai. Makarina da mijinta suka rasa dukiyarsu, suka gudu cikin dazuzzukan tsaunuka, suka yi wajen shekara 7 a can. Ba su da ɗakin sujada na laka, balle na dutse.

Da tsanani ya wuce, ta komo gida, ta tsufa, aka ba ta renon jikanta Basiliyus. Ta koya masa abin da ita ma ta koya daga masu bi na dā. Da ya girma ya yi karatu mai zurfi a manyan birane, duk da haka shi da kansa ya shaida cewa bangaskiyar da yake riƙe da ita, ita ce wadda ya fara ji a bakin kakarsa da uwarsa.

Wannan jikan ya zama shugaban ikilisiyar Kaisariya, babban birnin Kafadokiya, a shekara ta 370. Kafin wannan kaɗan an yi yunwa mai tsanani a ƙasar. Basiliyus ya sayar da abin da ya gāda, ya ciyar da mayunwata, ya tsaya gaban masu ɓoye hatsi ya tsauta musu har suka buɗe rumbunansu. Mu da muka ga yunwar 1984 da ta 2005 mun san darajar wannan aiki. Daga baya ya gina masauki a bayan birni domin marasa lafiya, da kutare, da baƙi. Ƙannensa biyu, Girigori da Bitrus, su ma suka zama shugabannin ikilisiya. Koyarwar Basiliyus da Girigori a kan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki har yau ana karanta ta a makarantun Littafi Mai Tsarki.

Masaukin da Basiliyus ya gina ya daɗe da rushewa. Amma halin da ya sa aka gina shi bai mutu ba. Masu bi sun yi ta gādonsa ƙarni bayan ƙarni, har ya iso ƙasarmu. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a shekara ta 1950, daga irin wannan hali ya fito. In ka bi sawun abin baya baya, cikin waɗanda za ka iske a hanya akwai tsohuwa zaune da jikanta a gaba.

Haka ma Timoti. Manzo Bulus ya tuna masa cewa bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ba a gaya mana irin ɗakin da suka yi sujada a ciki ba, amma an rubuta sunayensu.

ASHE KADA MU YI GINI KE NAN?

Wani ɗan'uwa zai ce, "Dattijo, ka sauƙaƙa maganar da yawa. Yara ba su koyon karatu cikin ruwan sama. Tsofaffi ba su iya zama cikin ƙurar hunturu. Maƙwabtanmu suna duban ɗakin sujadarmu suna auna darajar Allahnmu da shi. Annabi Haggai ma ya tsauta wa mutanen da suka gyara gidajensu suka bar gidan Ubangiji kango."

Maganarsa gaskiya ce, kada a yar da ita. Magidancin da ya rufa ɗakinsa da kwano, ya sayi babur, sa'an nan ya ce ikilisiya mutane ce ba gini ba domin kada a nemi kuɗi wurinsa, rowa ce ta sa rigar wa'azi. Gini kuma ba laifi ba ne. A Lalibela cikin ƙasar Habasha akwai ɗakunan sujada 11 da aka sassaƙa daga dutse wajen shekara 800 da suka wuce, har yau kuwa ana taruwa cikinsu. Mutanen Kafadokiya ma ba su yi zunubi da suka sassaƙa nasu ba. Sun miƙa wa Allah ƙarfin hannunsu da gwanintarsu.

Maganar ita ce wanne ne ke gaba. Ka lura da manomi mai hankali. Yakan gina rumbu domin yana da hatsi. In abin hannunsa kaɗan ne, dole ya zaɓa tsakanin sabon rumbu da irin shuka, ba ya ko tsayawa tunani. Ya san rumbu ba ya haifar hatsi, amma hatsi yakan gina rumbu baɗi. Ikilisiyar da take koyar da 'ya'yanta, ko ba jima ko ba daɗe za ta yi gini, gama yaran nan za su girma su kwaɓa ƙasa. Wadda ta zuba dukan ƙarfinta cikin bango ta bar yara, bayan shekara 30 ƙofarta da kwado, makullin kuwa yana aljihun wani tsoho guda.

Mun ga gwajin wannan a ƙasarmu. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 aka yi tarzoma, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai da waɗansu garuruwa. A Yamai kaɗai sun fi 40. Mutane suka mutu. Siminti bai tsare ɗakunan ba, kwano ya lanƙwashe cikin wuta. Waɗansu masu bi maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu, kada mu manta da wannan alheri. Bayan haka ikilisiyoyi suka ci gaba da taruwa, waɗansu cikin gidaje, waɗansu ƙarƙashin rumfa, waɗansu cikin kangon da ya ƙone. Abin da ya tara su ba ya cin wuta. Daga baya kuma aka sāke gina ɗakuna da yawa, domin masu ginawa suna nan.

TAMBAYOYI UKU KAFIN A SAYI SIMINTI

In ikilisiyarku ta zauna shawara bana, ga tambayoyi uku da za ku fara amsawa tsakaninku da Allah.

Ta fari, cikin yaranmu da suka kai shekara 10, nawa ne za su iya buɗe Bishara su karanta da kansu? Tun shekara ta 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Mutane sun yi shekaru suna wahalar juya shi domin mu. Abin kunya ne ya kwanta cikin akwati domin babu mai karantawa.

Ta biyu, mai koya mana Maganar Allah, iyalinsa suna cin tuwo dare da rana? In ya bar mu da rani ya tafi cirani domin yunwa, wa zai tsaya cikin sabon ginin?

Ta uku, samarinmu da suke tafiya Abijan ko Legas ko Libiya neman kuɗi, me suke ɗauke da shi a zuci? Su ma kamar mutanen Gelberi suke, ba su tafiya da ɗakin sujadar garinsu. Abin da aka zuba musu tun suna ƙanana, shi kaɗai ne guzurinsu.

In amsoshin nan sun yi daɗi, ku sayi siminti da farin ciki, ku yi gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba su yi daɗi ba, ku yaɓe tsohon ɗakin, ku sāke azara, ku ba shi shekara ɗaya ko biyu. Ku juya hatsin wajen malami da allo da littattafai. Wanda shawararsa ba ta ci ba kuwa, kada ya yi fushi ya janye. Bangon da ya tsage ana yaɓe shi cikin yini ɗaya, amma zumuntar da ta tsage takan ɗauki shekaru.

AIKIN DA BA YA BUKATAR KUƊI

Ya kai maigida, ya ke uwargida, mafi girman aikin nan a gidanku yake, ba ya cin ko dala. Bayan tuwon dare, kafin yara su yi barci, a karanta aya biyar, a yi waƙa ɗaya, kowa ya yi addu'a ko da gajeriya ce. In uba bai iya karatu ba, ɗan makaranta ya karanta, uba ya bayyana. Kaka, kada ki ce ƙarfinki ya ƙare. Kin iya tatsuniyar Gizo, kin kuwa iya labarin Yusufu da na ɓataccen ɗa. Makarina ba ta da abin da ya fi naki.

Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida da kuma a kan hanya. Duba Maimaitawar Shari'a sura 6. Saboda haka wata rana da sanyi, in aikin gona ya ƙare kuma hanya tana lafiya, ka ɗauki 'ya'yanka ku sauka kwari da ƙafa. Kada ku yi sauri. Ku zauna a bakin kogon makiyaya, ka ba su labarin Dawuda da Iliya. Ka nuna musu tudu ka ce, "Wannan ya riga kakanku, zai kuwa bi bayanku, amma bai san Mahaliccinsa ba. Ku kuna iya saninsa." Yaro yakan manta da wa'azi goma, ba ya manta da ranar da ubansa ya zauna da shi a gindin dutse.

In kuka bi ta Majiya wajen Buza, za ku ga dogayen layukan dogon yaro sun ratsa gonaki. Tun daga shekara ta 1975 manoman kwarin, da ma'aikatan daji, da ƙungiyar CARE suka fara dasa su domin tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Da katangar laka aka yi, da kowace damana tana raguwa. Itacen kuwa sai da aka yi shekaru ana tsaron sa daga awaki, ana ganin kamar wahalar banza ce. Amma abu mai rai ne, ya yi saiwa, ya yi tsawo, ya tare iska, ya zubar da 'ya'ya. Haka renon yaro cikin bangaskiya yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAI FA?

Ya mai karatu, akwai tambaya guda da ta rage, taka ce kai kaɗai. Mai yiwuwa kai ka ɗauki tubali a kā sa'ad da ake gina ɗakin sujadar garinku. Mai yiwuwa ubanka ne ya ba da filin. Wannan abin godiya ne, amma ba ya ceton rai. Mutum yana iya zama cikin ɗakin sujada shekara 40, zuciyarsa kuwa wofi kamar kogon Goreme, da zānen Yesu a bango, babu mai sujada a ciki.

An sa jikin Ubangijinmu cikin kabarin da aka sassaƙa a dutse, aka mirgina babban dutse a bakinsa. A rana ta uku ya tashi. Wannan shi ne kogo guda da muke murna da zamansa wofi. Yesu Almasihu ya mutu domin zunubanka, yana da rai yanzu, yana kiranka. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, ka zama dutse mai rai cikin gidansa. Abin da ba ka da shi ba za ka iya bar wa 'ya'yanka ba.

Ga addu'a da iyali za su iya yi tare:

Ya Ubangiji Allah, kai ka kafa tuddan ƙasarmu, kai ne mafakarmu ranar wahala. Ka gafarta mana zunubanmu saboda Ɗanka Yesu. Ka ba ikilisiyarmu hikima da zuciya ɗaya cikin shawararta. Ka sa Maganarka ta zauna a gidanmu, ta bi 'ya'yanmu duk inda ƙafarsu ta kai su. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.